Jan haske da tamojin fuska: amsoshin likita

Assalamu alaikum. A 'yan makonnin nan tambayoyi sun yi yawa a kan fitilun nan masu jan haske da ake kifawa a fuska. Na zaɓo guda huɗu, domin sauran duk a kansu suke zagayawa.

Tambaya: Likita, shekarata 46. Tamoji ya fara fito min a goshi da gefen ido. Ina ganin mata a Instagram suna sa wani abin rufe fuska mai jan haske, wai yana mai da tsohuwa yarinya. Gaskiya ne ko cin kuɗi ne? (Wata Hajiya daga Kaduna)

Amsa: Hajiya, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai masu talla sun cika wa miyar gishiri.

Abin ba sabo ba ne. A 1967 wani likita ɗan ƙasar Hangari, Endre Mester, ya aske bayan wasu ɓeraye ya riƙa haska musu jan laser mai rauni. Sai ya ga gashin waɗanda aka haska ya riga na sauran tsirowa. Daga baya, a shekarun 1990, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi amfani da jajayen fitilun LED wajen gwajin shuka tsirrai, har aka shiga duba ko suna taimaka wa rauni ya warke. Daga nan abin ya gangaro zuwa ɗakunan gyaran jiki.

Hasken da ake nufi yana da ma'auni. A ma'aunin tsawon zangon haske da ake kira nanomita, ja yana tsakanin 630 zuwa 660, sai ɗan'uwansa da ido ba ya gani, wajen 810 zuwa 850, wanda ya fi nutsewa cikin fata. A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu 'yan gidajen wuta da ake kira mitokondiriya, su ne janaretan ƙwayar. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne, wannan hasken yana zaburar da su, sai ƙwayoyin da ke saƙa kolajin su ƙara himma. Kolajin shi ne zaren da ke riƙe fata ta tsaya cas. Yana raguwa a hankali tun mutum yana ɗan shekara ashirin da wani abu, kuma mace na iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru biyar na farko bayan al'ada ta ɗauke. Shi ya sa a shekarunki canjin yake zuwa kamar an tura shi.

Akwai binciken da aka wallafa a 2014 daga Jamus, da mutum 136, inda aka yi wa waɗanda aka haska zama 30, sau biyu a mako. An ga fata ta ƙara laushi, ƙananan layuka sun ragu, kolajin ya ƙaru. Amma ki lura, zama talatin aka ce, wato kusan wata huɗu. Sannan yawancin irin waɗannan binciken ƙanana ne, da dama masu ƙera na'urorin ne ke ɗaukar nauyinsu, kuma akasari a kan fararen fata aka yi su. Na'urar gida ma ba ta kai ta asibiti ƙarfi ba.

Don haka idan kina da hali da haƙuri, minti 10 zuwa 20, sau uku zuwa biyar a mako, za ki iya ganin ɗan sauyi a ƙananan layuka bayan wata biyu ko uku. Zurfaffen layin goshi da fatar da ta saki a haɓa ba za su motsa ba, kuma ranar da kika ajiye na'urar ribar za ta fara zagwanyewa. Ni da za ki zo gabana, da man kariya daga rana zan fara miki, sai maganin shafawa na tretinoin da dare, wanda ya fi kowane maganin shafawa hujja a kan tamoji. Likita ne zai rubuta miki shi, a fara kaɗan-kaɗan, domin idan ya ƙona baƙar fata yana barin tabo. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shafa shi.

Tambaya: Tun haihuwata ta biyu wani baƙin tabo ya shimfiɗu min a kumatu biyu. Zan iya amfani da wannan hasken ya goge? (Wata uwa daga Maraɗi)

Amsa: 'Yar'uwa, ki dakata. Abin da kika kwatanta ya yi kama da tabon da likitoci ke kira melasma, mai bin ciki ko ƙwayar tsarin iyali. Abokan gabarsa biyu ne, haske da zafi. Fatarmu mai duhu tana da wata baiwa, tamoji yakan makara kafin ya kama mu idan aka kwatanta da Turawa. Amma tana da saurin yin tabo, har hasken da ido ke gani, musamman shuɗi, yana sa ta ƙara duhu. Da dama daga cikin na'urorin nan kuwa suna haɗa ja da shuɗi, wasu kuma suna ɗumama fuska. Mai irin tabonki tana iya wayar gari ta ga ya ƙara baƙi.

Abin da zai taimake ki shi ne man kariya daga rana mai lamba SPF 30 zuwa sama, irin mai ɗan launin hoda wanda aka rubuta iron oxide a kwalinsa, kowace safiya ko da a gida za ki wuni. Ki rage tsayuwa kai tsaye a kan murhu, ki riƙa ɗaukar lema da tsakar rana. Sai ki ga likitan fata ya tabbatar da cutar kafin a ba ki magani.

Tambaya: Ina kiwon kaji, ina da jar fitilar ɗumama 'yan tsaki. Maiɗakina ta ce ai duk ja ne, me zai hana ta riƙa zama gabanta? (Wani magidanci daga Gusau)

Amsa: Malam, kada ka bari. Waccan fitilar zafi aka yi ta ta bayar, ta fuska kuwa an auna haskenta ne don ya shiga fata ba tare da ya gasa ta ba. Ka san irin zanen nan mai kama da raga da ke fitowa a ƙwaurin masu yawan jin ɗumin kasko da hunturu? Shi za ta jawo wa fuskarta, ga ƙuna, ga haɗarin ido. Ƙwan lantarki da aka shafa wa jan fenti shi ma ba zai yi komai ba. Maganar ido kuwa ba ƙarama ba ce: a 2019 kamfanin Neutrogena ya janye abin rufe fuskarsa mai haske na maganin ƙuraje daga kasuwa saboda fargabar illa ga idon wasu mutane. Ko da na'urar gaske ce, a rufe ido da tabaran da ya zo da ita. Mai shan doxycycline ko isotretinoin, magungunan da ake ba masu ƙurajen fuska, da mai ciwon lupus, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin, su tambayi likita tukuna, domin haske na iya tayar musu da fata.

Tambaya: Shekara bakwai ina shafa man haɗi na ƙara haske. Yanzu fatar fuskata ta zama kamar leda, jijiyoyi sun fito, ta yamushe, gefen idona ya yi baƙi ƙirin. Mai gyaran jikina ta ce zama goma na jan haske zai dawo min da ita. Shekarata 31. (Wata baiwar Allah daga Kano)

Amsa: Ƙanwata, saƙonki ya fi kowanne tsaya min a rai, kuma na gode da kika faɗi gaskiya, domin da yawa ɓoyewa suke yi har a gaban likita. Wannan yamushewar ba tsufa ba ce. Man haɗi yawanci yana ɗauke da clobetasol ko betamethasone, magunguna masu ƙarfi da ke hana fata saƙa kolajin, shi ya sa ta yi siriri har jijiyoyi suka bayyana, nankarwa ta biyo baya. Baƙin gefen idon kuma yana iya zama aikin hydroquinone, wani sinadarin ƙara haske da ake zubawa a irin man, wanda idan aka daɗe ana shafawa yake juyewa ya bar duhun da ke da wuyar gogewa. Wasu mayukan ma har da zaiba a ciki, wadda ke lalata ƙoda. Muddin man yana kan fuskarki, hasken duniya ba zai gina abin da ake rushewa kullum da dare ba. Kuɗin zama goman nan ki kai su asibiti.

Amma kada ki yanke man rana ɗaya. Bayan shekara bakwai jiki ya saba, yankewa farat ɗaya na iya sa fuska ta yi ja, ta yi raɗaɗi da ƙuraje, wani lokaci ma jiri da kasala su biyo baya saboda maganin ya ratsa jini. Ki je sashen fata na asibitin koyarwa ko babban asibiti mafi kusa, ki tafi da robar man da duk abin da ake zubawa a ciki, a tsara miki yadda za ki janye a hankali. Ki roƙi a auna miki hawan jini da suga da lafiyar ƙoda. Kafin ranar, ki bar dilka da duk wani abin gurza fuska, ki riƙa wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, ki shafa man kaɗanya zalla ko basilin tun tana da danshi, da safe kuma ki ɗora man kariya daga rana. Launinki na asali zai dawo, wataƙila ma ya fi da duhu a watannin farko. Wannan a cikin warkewar yake, kada ya sa ki koma. Ki sake rubuto min bayan kin ga likitan, in ji abin da aka samu a gwajin.