Tambayi Makanike: Batir sabo, amma kullum sai an tura mota

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Golf 3 da nake lodi da ita tsakanin Funtuwa da Zariya. Batir biyu na saya a jere, amma har yanzu in na yi tafiyar dare sai fitilu su dusashe, da safe kuma sai an tura. Jar fitilar batir da ke dashbod tana ɗan kyaftawa in mota na silo. Wani mai gyara ya zare kan batir mota na kunne, da ya ga ba ta mutu ba, ya ce altaneta lafiya lau. To ina matsalar take? Direba, daga Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, direba. Don Allah kada ka sayi batir na uku. Batir randa ce, altaneta ce ke cika ta, kuma alamun da ka lissafa duk altaneta suke nunawa.

Wannan gwajin na zare kan batir, raina na ɓaci duk sanda na ga ana yin sa a gareji. Altanetar da ta kusa mutuwa tana iya ba da 'yar wutar da za ta riƙe inji, amma ta kasa ɗaukar fitilu, balle ta caja batir. Gwajin bai nuna komai ba ke nan. Ga kuma haɗari: batir ne ke shanye tsallen wuta, in an cire shi wutar na iya haurawa ta ƙone dayod (ƙananan na'urorin cikin altaneta da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) ko kwamfutar injin. Kada ka sake yarda a yi wa motarka haka.

Ka je wurin mai wayarin da ke da mita, ka tsaya a kansa. Cikakken batir, mota a kashe, yana nuna kusan volt 12.6. In an tayar, ya kamata mita ta hau tsakanin 13.8 da 14.4. A kunna manyan fitilu da fanka, a ɗan taka totur. In ta tsaya ƙasa da 13, ba a caji. In ta wuce 15, regileta, wato na'urar da ke daidaita wutar altaneta, ta lalace, tana dafa maka batir.

Kafin a kwance komai, a duba fambel. Sakwarkwataccen bel ko wanda ya yi santsi yana zamewa a kan fuli, sau da yawa har da ƙara da sassafe. A goge kan batir, a duba wayar as (ta nagatif) da ta haɗa inji da bodi, da jar waya mai kauri da ke bayan altaneta. Akwai kuma siririyar waya shuɗiya da ke zuwa fitilar dashbod. Ta nan altaneta ke samun wutar farko da take fara aiki da ita, kada a manta da ita.

Ni dai zargina ya fi karkata ga burosh, wato 'yan sandunan gawayi da ke kai wuta ga zoben tagulla mai juyawa a cikin altaneta. A tsohuwar Golf mai altanetar Bosch, burosh biyu suna haɗe da regileta, sukurori biyu ne ke riƙe da su a baya. In sun cinye har tsawonsu ya gaza milimita 5, ba sa taɓa zoben tagulla sosai, shi ya sa fitilar ke kyaftawa. Ƙurar hanya da man inji da ke ɗiga suna ƙara cinye su. Gyara ne mai sauƙin kuɗi. Amma in zoben ya yi rami mai zurfi, sabon burosh ba zai daɗe ba. A gwada dayod ma, domin in ɗaya ya ƙone yana iya zuƙe batir cikin dare mota na ajiye.

In ta kama sai an sauya altanetar gaba ɗaya, ka tafi da tsohuwar zuwa kasuwar kayan gyara ta Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a kwatanta ƙafafunta da fuli da yawan amfiya da aka rubuta a jiki, kuma ka yi sharaɗin dawowa da ita in mita ba ta nuna caji ba. Batiran nan biyu kuma, ka kai su a yi musu caji a hankali sannan a gwada, mai yiwuwa ɗaya yana da sauran rai. Allah ya kiyaye hanya.