Tambaya da Amsa: V6 ko silinda shida a jere?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin sayen mota 'yar Kwatano, sai bakanike ya nuna mini guda biyu, ya ce kowace injinta silinda shida ne, amma ɗaya V6 ne, ɗayan kuwa a jere silindodinsa suke. Mene ne bambancinsu, kuma wanne ya fi sauƙin gyara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. A injin fetur irin na mota, kowace silinda tana ƙona mai sau ɗaya ne idan karanshaf, sandar ƙarfen da fistin-fistin ke juyawa, ya juya sau biyu, wato digiri 720. Idan silinda shida ce, ana samun bugu a kowane digiri 120, kuma kafin ƙarfin wannan bugun ya ƙare na gaba ya soma. Shi ya sa duka biyun suka fi injin silinda huɗu laushin tafiya.

Bambancin yana wajen tsari. A injin jere, fistin na ɗaya yana hawa da sauka tare da na shida, na biyu da na biyar, na uku da na huɗu, kuma yawanci wuta tana kamawa bisa tsarin 1-5-3-6-2-4. Saboda haka girgizar rabin injin tana kashe ta ɗaya rabin, ba a buƙatar wani ƙarin ƙarfe don daidaita shi. A ganina babu tsarin da ya kai shi tsafta a wannan girman, kuma wanda ya taɓa jin injin 1FZ-FE mai lita 4.5 na tsohuwar Land Cruiser yana aiki motar tana tsaye ya san abin da nake nufi. Matsalarsa tsawo, domin da wuya a kwantar da shi a gicciye a motar da ƙafafun gaba ke ja.

V6, wanda kamfanin Lancia na Italiya ya fara sayarwa a motar Aurelia a 1950, ya raba silindodin uku-uku a layi biyu, galibi da kusurwar digiri 60, sai ya gajarta har ya shiga Camry da Sienna. Gajartar tana da farashinta: kan injin biyu ne, gasket biyu, kuma a gicciye fulogi ukun baya sukan ɓuya ƙarƙashin bututun shigar iska, sai an kwance shi kafin a kai gare su. Nan ne kuɗin aiki yake ƙaruwa, nan ne kuma wasu suke canza na gaba su bar na baya.

A wajen gyara, na jere ya fi sauƙin isa da hannu, amma kayan V6 na Toyota sun fi samuwa a kasuwanninmu. Idan V6 ɗin ka zaɓa, ka duba lambar injin: 1MZ-FE mai lita 3.0 da bel ɗin tayimin yake aiki, dole ka tambayi lokacin da aka canza shi, 2GR-FE mai lita 3.5 kuwa sarƙa gare shi, wadda take daɗewa muddin ana canza baƙin mai a kan kari.