Hajiya, dakata da feshin nan tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Hajiya, na ga hotunan barkono da kabejin da kika turo, na kuma ji tambayarki, wai wane magani za ki fesa tunda ƙananan ƙwari sun cika bayan ganye, tururuwa na ta hawa da sauka, ga kuma wasu baƙaƙe masu ɗigon ruwan lemo da kika ce kina murƙushewa. To don Allah ki dakata da feshin nan tukuna. Baƙaƙen nan kuma ki daina kashe su, aiki suke yi miki.

Ƙananan nan kore-kore da suka yi cincirindo a kan toho, ƙwarin darɓa ne. Da zarar sanyi ya ja baya, shuka ta fara fitar da sabon ganye mai taushi, su ne na farkon zuwa. Abin da ya sa kike ganin kamar a dare ɗaya suka cika wuri, a wannan lokacin macen ba ta jiran namiji, ba ta ma yin ƙwai, 'ya'ya take haifa kai tsaye, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 'yar ita ma ta fara haihuwa. Ruwan jikin ganye suke tsotsa, shi ya sa ganyen ke nannaɗewa. Danƙon nan da kike ji in kin taɓa, kashinsu ne, zaƙi gare shi, kuma shi ya kawo tururuwa. Tururuwar ba ganye take ci ba, gadin su take yi, tana korar duk mai son cinye su. In aka bar danƙon ya daɗe, sai baƙar fumfuna ta hau ganyen.

Yawwa, mu koma kan baƙaƙen. Kin san ɗan ƙwaron nan ja, kewayayye, mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya? To 'ya'yansa ne. Ko kaɗan ba su yi kama da uwarsu ba, in kin ƙura ido sai ki ga kamar ɗan mitsitsin kada, ƙafa 6, jiki kaushi-kaushi. Guda ɗaya yakan cinye ɗaruruwan ƙwarin darɓa kafin ya girma, babban kuma yana iya cin kusan 50 a yini. Ki juya ganyen a hankali, in kin ga ƙwai rawaya a tsaitsaye sun taru wuri guda, nasu ne, ki bar su. Ba tatsuniya ba ce fa, a 1888 daga Ostareliya aka ɗauko wani ɗan uwansu aka kai Kalifoniya a Amurka, shi ya ceci gonakin lemo daga wani ƙwaro da ya kusa gamawa da su. Sai dai akwai wani danginsu mai cin ganyen kabewa da kokwamba, launinsa a dushe yake, bayansa da ɗan gashi-gashi, yana kankare ganye ya bar shi kamar raga. Wannan kam a tsince shi.

A hoto na biyu ma na hango wani abu. Cikin taron akwai wasu da suka kumbura, suka bushe, suka koma ruwan ƙasa. Wata 'yar ƙaramar rina ce, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba kuma ba ta harbin mutum, take saka ƙwai a cikin jikinsu, ɗan ya cinye su ta ciki, ya huda ƙofa ya fita. Akwai kuma ƙudan nan mai zanen rawaya da ke tsayawa cak a iska, mutane na ɗauka zuma ne, tsutsarsa ita ma darɓa take ci.

Matsalar maganin feshi mai ƙarfi kenan. Masu cin ƙwarin nan a makare suke zuwa, sai abinci ya taru, kuma ba sa hayayyafa da sauri irin na darɓa. In kin fesa, kin share kowa da kowa, darɓa ta dawo cikin mako biyu, ba mai tare ta. Daga nan kin shiga sayen magani ba ƙarewa.

Abin da za ki yi, da sassafe ki watsa ruwa da ɗan ƙarfi a bayan ganyen, su zube ƙasa, galibinsu ba sa iya komawa. Tohon da ya lalace sosai ki tsinke ki yar da nisa. Ki maimaita bayan kwana biyu ko uku. In abin ya ƙi, ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita 1, ba garin wanki ba, yana ƙona ganye. Ki fara gwadawa a ganye biyu ki jira gobe. Inda suka taru kaɗai za ki fesa, da yamma lis, bayan ƙudan zuma sun tashi daga aiki. Sannan Hajiya, ganyen nan naki ya yi shar da yawa, ina zargin takin zamani ya yi yawa. Ki rage hannu, ganye mai taushin nan shi suke so. Ki kuma bar karas biyu ko uku su yi fure a gefe, domin ƙudan nan mai zanen rawaya da 'yar rinar, in sun girma, ruwan fure suke sha.

Kabejin naki daban ne. Ramukan nan da ke jikin ganyensa aikin tsutsa ce, 'yar malam-buɗe-littafi. Ki duba tsakiyar ganye inda kika ga koren kashi, tana nan kwance. Ki tsince ta da hannu, ya isa. In ta yi yawa akwai wani magani da ake kira Bt, tsutsa yake kashewa, ba ruwansa da zuma.

Malam da ya ce yana tashi da safe ya tarar an datse masa dashen tumatir daga gindi, tona ƙasar gefen da yatsa, za ka ga wata tsutsa mai kauri ta dunƙule. Da dare take fitowa ta datse dashen. Yanko kwali ka zagaye gindin kowane dashe, ka nutsa shi kamar santimita 3 cikin ƙasa, ka bar wajen 5 a sama, har ƙaran ya yi ƙwari. Wassalam.