Hukuncin rama suka da zagi a kafafen sada zumunta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta 'yan tunatarwa a Facebook. Wasu suna yi mini gyara cikin gatsali, wasu kuma zagi ne zalla, har da iyayena. Ya halatta in rama? Idan na toshe mutum, na shiga sahun masu gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka fara raba gyara da zagi, don hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Gyaran da yake gaskiya wajibi ne ka karɓa, ko da mai yin sa ba shi da ladabi. Muslim ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya fassara girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane. A Bukhari kuma, Shaiɗan ne da kansa ya gaya wa Abu Huraira falalar karanta Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya, Annabi (SAW) ya ce ya faɗi gaskiya alhali maƙaryaci ne. To balle Musulmin da harshensa ne kawai ya yi kaushi. In aka ce hadisin da ka kawo bai inganta ba, koma ka bincika. Idan haka ne, ka bayyana gyaran a inda ka yi kuskuren. Gogewa a ɓoye ba ta wadatar ba, tunda wasu sun riga sun kwafa sun yaɗa.

Zagi kuwa, Suratus Shura aya ta 40 ta ba wanda aka zalunta damar ramawa daidai da abin da aka yi masa, sannan ta ce wanda ya yafe ya gyara, ladansa na wajen Allah. Hadisin Abu Huraira a Muslim ya ɗora zunubin masu zage-zage biyu a kan wanda ya fara, matuƙar wanda aka zalunta bai wuce iyaka ba. Ramuwar ba ta haɗa da ƙarya ko ƙazafi ko tona asiri ba. Wanda ya zagi mahaifinka, ba za ka zagi nasa ba, domin tsohon bai yi maka komai ba.

Sai dai a intanet wannan "daidai" ɗin da wuya ya samu. Kai ka mayar da kalma ɗaya, mabiyanka su yi masa ca, a ɗauki hoton maganar a yi ta yawo da shi shekara da shekaru. Wa zai auna wannan? Shi ya sa nake ganin shiru ya fi maka aminci. Abu Dawud ya ruwaito alƙawarin gida a gefen Aljanna ga wanda ya bar jayayya ko da shi ne mai gaskiya.

Toshe mai zagi don kare kai halal ne, ba ya cikin gabar da aka hana ta wuce kwana 3. Amma in danginka ne ko maƙwabci, sallama da zumunci suna nan a kanka. Wanda kuma yake toshe duk mai yi masa gyara, ya duba zuciyarsa da hadisin Ibn Mas'ud ɗin nan.

Yawan masu danna alamar so ko ta ƙi ba hujja ba ce a shari'a. Buɗe shafukan bogi don yabon kai ko sayen mabiya kuwa algus ne, bai halatta ba.

Wallahu a'alam.