Sojan da giya ta kama a Amurka: ka kai kanka asibiti kafin a kai ka

Wani matashi da ke aiki a rundunar sojan ƙasa ta Amurka ya aiko mini da wasiƙa, ya roƙi a sakaya sunansa. Ya shiga soja ne da katin zama na dindindin, wato girin kad, kuma bai samu takardar zama ɗan ƙasa ba tukuna. Ya ce ya fara shan giya a ƙarshen mako don kada ya zama bare a cikin abokan aiki, amma yanzu ba ya iya barci sai ya sha, hannunsa yana rawa da safe, ya fara makara a faretin asuba, kuɗin da yake aika wa mahaifiyarsa ma ya ragu. Yana son ya san ko za a kore shi idan ya nemi magani, ko takardunsa za su lalace, da kuma ko ya kamata ya sanar da gida.

Ƙanena, zan fara da lafiyarka, domin rawar hannun da ka ambata alama ce cewa jikinka ya riga ya saba da giyar. Wanda ya kai wannan matsayi bai kamata ya daina sha farat ɗaya shi kaɗai a ɗaki ba, komai ƙarfin niyyarsa. Alamomin yanke giya sukan fara ne cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, da gumi da tashin zuciya da faɗuwar gaba, kuma wasu sukan kamu da jijjiga irin ta farfaɗiya a kwana biyun farko, ko ruɗewa da gane-gane bayan kwana biyu zuwa huɗu, wanda yana iya kai mutum ga rasa rai. Likita yana da magungunan da ke sassauta wannan mataki, sannan akwai irin su naltirekson da akamfuroset da ke rage sha'awar giya bayan an daina. Idan ka zauna gabansa, ka faɗi ainihin adadin da kake sha da tsawon lokacin da ka ɗauka kana sha, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma da wannan lissafin ne zai yanke shawarar ko a kwantar da kai ko ka riƙa zuwa daga bariki.

Game da aikinka, dokar soja ta bambanta sojan da ya kai kansa da sojan da laifi ya kai shi, kuma wannan bambancin ne ya kamata ya tashe ka tsaye. Sashen da ke kula da shaye-shaye a asibitocin rundunar ƙasa ana kiransa SUDCC, na sojan sama ADAPT, na sojan ruwa SARP. Tun 2019 rundunar ƙasa ta buɗe hanyar da soja zai nemi maganin matsalar giya bisa raɗin kansa ba tare da an sa shi a shirin dole ko an sanar da kwamandansa ba, muddin bai riga ya aikata laifin da ya shafi giya ba, ba ya ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma likita bai ga haɗari ga ransa ko ga aikin da aka damƙa masa ba. Ba zan yi maka alkawarin cewa kwamanda ba zai taɓa ji ba, musamman idan aka ga kana bukatar kwanciya a asibiti. Sai dai kwamandan da ya ji daga bakin likita cewa sojansa ya nemi taimako yana kallonsa daban da sojan da 'yan sanda suka kama da tsakar dare.

Idan kuwa ka jira har aka kama ka kana tuƙi da giya a jini da ta kai kashi 0.08 cikin ɗari, ko aka same ka a buge a bakin aiki, to magana ta koma ta hukunci. Sashe na 112 da na 113 na dokar shari'ar soja sun haramta waɗannan, kuma kwamanda yana iya hukunta ka a ƙarƙashin sashe na 15 da rage muƙami da yanke albashi ba tare da an je kotu ba. Manyan laifuffuka biyu masu alaƙa da giya cikin wata 12 sun isa a fara shirin sallamar soja daga rundunar ƙasa. Makarar da kake yi yanzu ita ce farkon wannan hanya, kuma ina da yaƙinin sajanka ya riga ya lura, ko da bai ce komai ba.

A nan ne lamarinka ya fi na abokan shanka nauyi, domin su 'yan ƙasa ne, kai kuwa takardarka tana rataye da irin sallamar da za a rubuta maka. Dokar shige da fice ta ba soja damar neman zama ɗan ƙasa ba tare da biyan kuɗin fom ba, ta sashe na 328 bayan shekara guda ta aiki, ko ta sashe na 329 da ya shafi lokacin yaƙi, wanda aka fara lissafinsa daga 11 ga Satumba, 2001. Dukansu suna bukatar fom N-426, inda rundunar take shaida cewa ka yi aiki cikin mutunci. Sannan akwai sharaɗin kyawun hali: dokar ta ambaci wanda ya mayar da maye ɗabi'a a cikin waɗanda ba su cika shi ba, kuma tun 2019 ana ɗaukar hukuncin kotu sau biyu kan tuƙi cikin maye a matsayin hujjar rashinsa, sai mutum ya kawo abin da zai rushe ta. Ko bayan an rantsar da soja, ana iya ƙwace takardar idan aka sallame shi ba cikin mutunci ba kafin ya cika shekara 5 yana aiki. Kafin ka cike fom N-400, wato fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, ka je ofishin taimakon shari'a na barikinku, wanda kyauta ne, ka gaya wa lauya komai, kuma kada ka rubuta ƙarya a ko wane layi, domin ƙarya a wannan fom ta fi tarihin neman magani illa nesa ba kusa ba.

Na fahimci cewa kunya ce ta fi riƙe ka, tunda a wurinmu mai shan giya ba ya ganin yana da bakin magana a gaban malami ko dattijo. Idan ƙafarka ta yi nauyi zuwa asibiti, ka fara da limamin soja, domin abin da aka faɗa masa sirri ne da ko kwamanda ba shi da ikon tilasta masa ya bayyana, kuma rundunar tana da limamai Musulmi tun 1993. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah (SAW) ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha hukunta shi kan giya, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Saboda haka kada ka bar salla da zuwa masallaci bisa tunanin ba ka cancanta ba. Amma liman ba likita ba ne, kuma tuba ba ta hana jijjiga. Idan dare ya yi maka tsawo har ka fara tunanin cutar da kanka, ka buga 988 ka danna 1, akwai masu amsawa dare da rana.

Batun gida kuma, ba na ganin wajibi ne ka ɗora wa Hajiya wannan labari ta waya alhali tana nesa ba ta da abin yi sai kuka. Ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri, yayanka ko kawunka, ka gaya masa gaskiya, ka ba shi izinin ya riƙa tambayarka ko ka je wurin likita a wannan makon. Ita kuwa ka nemi addu'arta, ka ce mata kana fama da rashin lafiya kuma kana karɓar magani, wanda ba ƙarya ba ne. Tunda ana biyanku albashi a ranar 1 da 15 ga wata, ka sa banki ya riƙa cire kasonta kai tsaye a ranar da kuɗin ya shigo, kafin daren Juma'a ya same shi a aljihunka.