Tsohon Fim Ɗin Yaƙi Na Ƙasar Cek A Faifan Blu-ray: Me Ya Sa Na'urata Ta Ƙi Karɓar Sa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya aiko mini da faifan Blu-ray na kamfanin Criterion, mai ɗauke da wani tsohon fim na ƙasar Cek da ake sayarwa da sunan Diamonds of the Night, domin in nuna wa ɗalibaina idan mun kai darasin Yaƙin Duniya na Biyu. Na saka shi a na'urar DVD ta gida, ko motsi bai yi ba. Na kai shi gidan maƙwabcina mai PlayStation 4, can kuma sai rubutu ya fito cewa faifan bai dace da yankin na'urar ba. Ko faifan ne ya lalace a hanya?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Faifanka lafiyarsa ƙalau, matsaloli biyu ne daban-daban suka same ka. Ta farko ita ce na'urar DVD ba za ta taɓa karanta Blu-ray ba, ko da yake a ido girmansu ɗaya. DVD da jan haske ake karanta shi, Blu-ray kuwa da shuɗin haske wanda ya fi shi siriri, shi ya sa ake iya cusa bayanai masu nauyin gigabait 25 ko 50 a cikinsa, alhali DVD na yau da kullum yana ɗaukar 4.7 ne kawai. Wannan bambanci a jikin ƙarfen na'urar yake, don haka kada ka bari wani mai gyara ya karɓi kuɗinka da sunan zai saka mata manhajar da za ta buɗe shi.

Matsala ta biyu ita ce kullen yanki. Kamfanonin fina-finai sun raba duniya gida uku a kan Blu-ray. Yankin A ya ƙunshi nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya. Yankin B ya ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya. Sauran ƙasashe irin su Rasha da Sin da Indiya suna yankin C. Faifan da Criterion ya fitar a Amurka a shekarar 2019 a kulle yake a yankin A, kuma idan ka juya bayan kwalin za ka ga harafin a cikin wata ƙaramar alama. Saƙon da ya fito a na'urar maƙwabcinka ya nuna cewa ba ta kasuwar Amurka ba ce, kuma ba a sauya yankin Blu-ray a cikin saitin PlayStation.

Shawarar da na fi ba ka ita ce ka nemi bugun kamfanin Second Run na Ingila, wanda shi ma ya fito a 2019, domin yana aiki a na'urorin yankinmu, kuma duka bugun biyu daga gyaran hoto ɗaya da aka yi wa tsohon fim ɗin aka ɗauko su. Idan kuwa ka fi son ka yi amfani da wanda ke hannunka, to sai ka nemi na'urar Blu-ray da aka cire wa kullen yanki, ko ƙanenka ya aiko maka da ta Amurka. A nan ka yi hattara: wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa tana wajen 230, saboda haka ka karanta rubutun da ke bayan na'urar kafin ka jona ta, in ba haka ba nan take za ta ƙone.

Ƙanenka ya yi zaɓi mai kyau. Jan Němec ne ya shirya fim ɗin a 1964, shi ne dogon fim ɗinsa na farko, kuma ya ɗauko shi daga labarin marubuci Arnošt Lustig, wanda ya yi zaman sansanonin tsare mutane na 'yan Nazi na Jamus a Theresienstadt da Auschwitz da Buchenwald, sannan ya tsere daga jirgin ƙasan da ke kai fursunoni sansanin Dachau a 1945. Sai dai ka fara kallonsa kai kaɗai kafin ka kai shi aji, domin akwai wuraren da suke da nauyi ga yara.

TAMBAYA: Na sayi wannan fim ɗin saboda an rubuta cewa an gyara shi da ingancin 4K, amma da na kunna sai na ga baƙin fili a gefen dama da hagu, hoton kuma cike da ƙananan ɗigo-ɗigo masu motsi, ga shi ana daɗewa ba a jin magana. Anya ba jabu aka sayar mini ba?

AMSA: Duk abubuwan nan uku da ka lissafa alamu ne na cewa ainihin faifan ka samu. An ɗauki fim ɗin ne a kan zaren fim mai faɗin milimita 35, a siffar hoto ta 1.37 zuwa 1, wadda ta kusa zama murabba'i, talabijin ɗin zamani kuwa shimfiɗaɗɗe ne. Dole a sami sarari a gefe, kuma idan ka matsa maɓallin da ke cika allo, ko dai fuskokin mutane su baje, ko kuma a yanke sama da ƙasan hoton. A fim irin wannan yankewar hasara ce babba. Ana buɗe shi ne da samari biyu da suka diro daga jirgin fursunoni suna gudu suna hawan tudu, suna yar da rigunansu masu haruffan sansani a baya, kyamara tana biye da su ba tare da an yanke ɗauka ba. Ƙafafunsu da ƙasar da suke dafawa da hannu suna daga cikin abin da ake so ka gani.

Ɗigo-ɗigon kuma ƙwayoyin sinadarin azurfa ne da ke jikin zaren fim ɗin, su ne ma suke haɗuwa su ba da hoton. Ma'aikatan Taskar Fina-finai ta Ƙasa da ke birnin Prague, waɗanda suka kula da gyaran da aka nuna a bikin fina-finai na Cannes a 2018, aikinsu shi ne cire ƙura da karce da girgizar da shekaru suka jawo, su bar abin da kyamara ta ɗauka tun asali. An yi aikin a kwamfuta da ingancin 4K, sannan aka sauko da shi zuwa ingancin 1080, wanda bai kai 4K ba, domin ya shiga Blu-ray, saboda haka rubutun kwalin gaskiya ya faɗa.

Abin da ke damuna shi ne yawancin talabijin suna zuwa daga shago da saitin da ke rusa wannan aiki. Ka shiga saitin hoto ka kashe rage hayaniyar hoto, wanda ake rubutawa Noise Reduction, domin shi ne ke goge ƙwayoyin har fata ta koma kamar roba. Ka kashe santsin motsi, wanda Samsung ke kira Auto Motion Plus, LG kuma TruMotion, saboda yana ƙirƙiro hotunan ƙarya ya cusa tsakanin hotuna 24 da ke wucewa a kowace daƙiƙa. Ka rage kaifin hoto sosai, ka zaɓi yanayin Cinema ko Filmmaker Mode idan akwai. Bayan haka ka dubi wurin da tururuwa ke bin hannun ɗaya daga cikin samarin, da wurin da yake ƙoƙarin cin burodin da wata matar ƙauye ta ba su bakinsa yana jini saboda bushewa. Za ka ga bambancin da idonka.

Game da shirun, haka mai fim ɗin ya tsara shi. Maganar da ke cikinsa kaɗan ce ƙwarai, abin da ake ji shi ne haki da takun sawu da ruwan sama, sai hayaniyar tsofaffin Jamusawan da suka farauci samarin da bindiga sannan suka zauna cin abinci da waƙa a gabansu. Sautin na layi ɗaya ne, don haka ka kashe saitin da ke baza shi ta kowace kusurwa.

TAMBAYA: Ba ni da na'urar Blu-ray. Zan iya kallonsa a kwamfuta ko a waya?

AMSA: A kwamfuta kana buƙatar na'urar karanta Blu-ray ta waje mai jonawa ta USB, da manhaja mai lasisi irin PowerDVD, domin Windows ba ya kunna waɗannan faya-fayan da kansa, manhajar kallon bidiyo ta VLC ma ba ta buɗe kullensu kai tsaye. A waya kuwa sai ta hanyar kallo a intanet. Dandalin Criterion Channel a Amurka da Kanada kawai yake aiki, saboda haka ka bincika sunan fim ɗin na asali, Démanty noci, a dandalan da ke aiki a ƙasarka. Tsawonsa bai kai minti 70 ba, kuma a ingancin 1080 ka tanadi data kamar gigabait biyu da rabi. Ina gargaɗinka game da shafukan da ke cewa sai ka sauke wata manhaja kafin ka kalla kyauta, domin ta nan ake shigar da ɓarayin bayanai cikin waya. Idan ka samu halastaccen kwafi, ka kunna fassarar rubutu ta ƙasan allo, ka sa abin ji a kunne, ka ƙara hasken wayar kaɗan, saboda yawancin fim ɗin a cikin duhun daji aka ɗauke shi.