Tsofaffin firam masu ɓarewar fenti: a goge ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, New York. Na sayi tsofaffin firam ɗin hoto guda biyar a shagon gwanjo, dala uku-uku, ina son in yi adon kaka da su a falo. 'Yata kuma ta matsa sai an yi mata ɗaya mai ɗan ban tsoro irin na ƙawayenta na Halloween. Biyu daga ciki fentinsu ya tsattsage yana ɓarewa. Maigida ya ce ran Asabar zai goge su da sanfefa a kicin, in ƙurar ta dame shi ya sha madara. Ina da yaro ɗan wata goma yana rarrafe, hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, ki ɓoye sanfefar nan, kada Asabar ta same ta a gidan.

Ukun da fentinsu bai tashi ba aikinsu mai sauƙi ne. Ki cire gilashi da kwalin baya, ki goge katakon da tsumma mai danshi, in ya bushe ki hau kan tsohon fentin da na ruwa, baƙi mara sheƙi ko ruwan ƙasa, shafa biyu ba da kauri ba. Ganye kuwa kyauta ne: daga tsakiyar Oktoba ki leƙa Van Cortlandt Park, ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa duk suna ƙasa ana takawa. Ki danne su a cikin littafi mai nauyi mako biyu, ko ki jiƙa su kwana huɗu a gilisarin kashi ɗaya da ruwa kashi biyu, sai su yi laushi ba sa ragargajewa. Ki shimfiɗa yankin buhun shinkafa mai kaushin nan a baya, ki liƙa ganyen a kai. Na yarinya kuma, ki bar firam ɗin ba gilashi, ki jajja farin zaren ulu daga kusurwa zuwa kusurwa kamar saƙar gizo, ki yanka jemagu biyu daga baƙin kwali. Ko a yi Halloween ɗin ran 31 ga Oktoba ko a bari, wannan tsakaninki da maigida da malaminku. Ni katako na sani. Kyandir dai kada ya kusanci busasshen ganye, ki sa ƙaramar fitila mai batir.

Sauran biyun su ne maganar. Tsohon fenti da ya tsattsage kamar bayan kada, a ɗauke shi yana da dalma har sai gwaji ya wanke shi. Birnin New York ya hana fenti mai dalma a gidaje tun 1960, Amurka baki ɗaya sai 1978, amma firam na gwanjo ba ya zuwa da takardar haihuwa. Ba ki san shekarar da aka yi shi ba, ba ki san ƙasar ba, ba ki san shafa nawa ke kwance a ƙarƙashin wanda kike gani ba. Muddin fentin yana manne, haɗarinsa kaɗan ne. Sanfefa ce ke mayar da shi gari, garin ya sauka a daɓe, ɗanki ya bi ta kai da tafin hannu, hannun ya tafi baki. Ƙonawa da wuta ya ma fi muni, hayaƙin ake shaƙa. Tsintsiya da na'urar zuƙe ƙura ta gida kuwa watsa shi kawai suke ƙara yi.

Sai batun madara, wanda na gaji da ji. Kusan duk wanda ya taso a gida ya ga mai fentin mota ko mai walda ya tashi daga aiki ya huda gwangwanin Peak ya ɗaga kai, wai ya wanke ciki. Wani ya ce manja, wani ya ce tsamiya. Akwai wani bawan Allah da ya kawo mini tsohuwar kujera ya riga ya goge rabinta a ɗakin da 'ya'yansa ke kwana, girarsa fari fat da gari. Da na yi magana sai ya yi dariya ya ce ai ya sha gwangwani biyu. Na ce to yaran fa, gwangwani nawa suka sha? Madara tana sauka ciki ne, ƙurar da aka shaƙa tana huhu, daga nan ta shiga jini, ta lafe a ƙashi shekara da shekaru. Inda maganar ta samo ƙafa shi ne, yaron da abincinsa ya gaza sinadarin ƙarfin ƙashi da na ƙarin jini, hanjinsa ya fi jan dalma. Abinci mai kyau yana rage abin da zai shiga. Wadda ta riga ta shiga, ko saniya guda aka tatso ba ta fito da ita. Kuma maigida zai sha madararsa, amma mai rarrafe ne zai kwashi kaso mafi yawa, domin jikin ƙaramin yaro yana jan ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai ja.

Mu ne ma za a tsaya yi wa bayanin dalma? A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda dutsen zinare mai dalma da ake dakawa a tsakar gida. Ƙura ce, a inda yara ke wasa. Firam biyu ba za su kai can ba, kada in tsorata ki fiye da kima. Abin da ƙaramar dalma ke yi ba ya zuwa da zazzaɓi ko kuka: sai yaro ya shiga makaranta a ga ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya, a hau cewa sammu ne ko ƙiriniya, alhali ɓarnar da ta taɓa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Tun 2021 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta sauko da ma'aunin dalma a jini da ake fara bibiyar yaro a kansa zuwa 3.5, kuma ba wani adadi da likitoci suka ce lafiya lau ne.

Don haka ki ɗaure biyun nan a leda yau, ki goge inda suka zauna da jiƙaƙƙen tsumma ki jefar da shi. Ɗan tsinken gwajin da ake sayarwa a shagon kayan gini, in ya canza launi ki yarda da shi, in bai canza ba kada ki saki jiki, sau da yawa saman kawai yake taɓawa. Ni da ni ce, dala shida ba ta kai in yi ta wahala ba, rabuwa zan yi da su. Dokar jihar New York ta ce a gwada jinin kowane yaro yana shekara ɗaya da kuma shekara biyu. Naki saura wata biyu, amma in ɓarɓashin ya riga ya zuba inda yake rarrafe, ki gaya wa likitansa a gwada yanzu. In ana sa masa kwalli daga gida, ki faɗi wannan ma, domin da yawan kwallinmu dutsen dalma ne aka niƙa.